Waƙar Hi-Res a Waya: Kunne Ba Ya Jin Abin da Data Ke Biya

Daga Sabon Tasha zuwa Barnawa, duk matashin da ya shiga shagon waya yanzu zai ga kwalayen iyafis ɗauke da tambarin Hi-Res Audio, manhajojin kiɗa kuma suna tallar sautin da ya fi na faifan CD. Wasu har sun fara goge MP3 suna neman FLAC. Kafin mutum ya ƙarar da datarsa, ya kamata ya tambaya ko kunnensa zai ji bambancin. Ga yawancin masu saurare a waya, ba zai ji ba.

A fara da lissafi. CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, kowane samfuri da bit 16. Wannan ya isa ya riƙe duk sautin da kaɗawarsa ba ta wuce kusan 22,000 a daƙiƙa ba. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne wajen 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Fayil mai bit 24 da samfuri 192,000 yana ajiye sautin da jemage ne zai more shi. Waƙar minti huɗu a MP3 mai 320kbps ba ta kai MB 10 ba, amma a wancan babban tsarin, idan ba a matse ta ba, ta haura MB 270. A wayar da memorinta GB 64 ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Masu cewa suna jin bambanci ba lallai ƙarya suke yi ba. Sau da yawa ɗaya fayil ɗin ya ɗan fi ƙara, kunne kuwa yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai daɗi. Sanin sunan fayil ma yana yaudara. Shi ya sa ake gwajin ABX: a daidaita ƙara, a ɓoye sunaye, mai saurare ya faɗi wanne ne wanne. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa irin wannan gwaji a Amurka, tsakanin sautin Hi-Res da na matakin CD. Masu saurare sun dace a kusan rabin gwajin, wato daidai da canke. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya haɗa bincike 18, ya samu cewa akwai ɗan bambanci, amma dacewar ba ta wuce kashi 50 cikin 100 da yawa ba, kuma waɗanda aka horar ne suka fi kamawa. A ɗakin gwaji ke nan, babu ƙarar janareta, babu hon ɗin keke a hanyar Kachia.

Sai batun Bluetooth. Tsarin SBC da yawancin iyafis masu araha ke amfani da shi yana matse sauti zuwa kusan 328kbps. LDAC na Sony yakan kai 990kbps, CD kuwa 1,411kbps ne. Ko Apple da ya kawo kiɗa marar matsi a 2021 ya bayyana cewa Bluetooth ba ya isar da shi ba tare da matsi ba. Wanda ya zuba babban fayil ta wannan ƙaramin bututu, kuɗinsa kawai ya zube.

Inda ake cutuwa da gaske shi ne asalin fayil. Waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka matse, aka sake matsewa, ta lalace tun kafin mai turi a kasuwar Kakuri ya tura ta da Xender. Mayar da ita FLAC ba ya dawo da komai. Manhajar Spek ta kyauta tana tona wannan a kwamfuta: MP3 mai 128kbps yawanci zanensa yakan yanke wajen 16,000, ko da an canza masa suna.

Manyan tsare-tsaren suna da wurinsu. Mai situdiyo ya naɗi murya da bit 24, domin yana ba shi sarari wajen haɗa sauti. Mai kwafe tsofaffin kaset na Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos ya ajiye su a FLAC, don kada abin da ya saura ya ƙara raguwa.

Mai saurare kuwa, MP3 mai 320kbps ko AAC mai 256kbps daga tushe mai kyau ya wadatar. Rarar kuɗin ta tafi ga iyafis mai toshe hayaniya, domin shi ke hana mutum ƙure ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya komawa yadda yake, komai tsadar fayil.