Shafin da Yauri Take Buƙata

Duk ranar da sakamakon WAEC ko JAMB ya fito, mukan yi cincirindo a kan waya ɗaya, muna addu'ar kada data ta ƙare. A nan muka gane cewa shafi mai amfani shi ne wanda ke buɗewa da sauri a ƙaramar waya, ko da sabis ya yi rauni.

Yayyenmu da suka iya gina shafukan intanet suna can Abuja da Legas suna yi wa kamfanoni aiki. To, wa zai gina wa masuntan tafkin Kainji da manoman albasa shafin Hausa da zai nuna musu farashin kasuwar Yelwa kafin dillali ya iso?

Malamanmu, don Allah a riƙa buɗe mana ɗakin kwamfuta bayan an tashi. Mu za mu fara.