An rage kuɗin siminti, yaushe za a rage ganganci?

Tun shekarar 1966 Malbaza ke toya dutse tana ba Nijar siminti. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje, hukuma ta karya farashinsa da kashi 35 cikin 100. Madalla. Amma siminti ba ya tunani: inda aka zuba shi nan yake daskarewa, ko da kuwa bisa hanyar ruwa ne. A Agustan wannan shekara ta 2024 ruwa ya katse hanyar ƙasa mai lamba 1 a bakin Yamai, wato hanyar da ke ratsa Birnin Ƙwanni da Malbaza, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kayan 'yan kasuwa.

Alhali maganin ba ɓoyayye ba ne. Kafin a haƙa rami ɗaya, injiniya na iya gina hanyar cikin kwamfuta, ya sako mata ruwan damina mafi muni da aka taɓa aunawa a kwarin Majiya, ya ga kadarkon da zai toshe da inda ƙorama za ta ci gindin kwalta. Gyara a nan ba ya cin buhu ko ɗaya. In an fara aiki, ma'aunan ruwan sama su riƙa aiko da labari ta wayar salula, 'yan na'urorin da aka binne cikin kankare su faɗi ko zafin bazara ya busar da shi kafin ya yi ƙarfi, a kuma san inda kowace motar siminti take. Ma'aikacin da ke ofis a Tawa zai ga abin da ake yi a Illela a ranar, ba sai an kawo masa rahoton da aka shafa wa mai ba.

Masu cewa wannan almubazzaranci ne na ƙasashen Turawa su dubi ƙasa. Cibiyar Agrhymet na zaune a Yamai tun 1974 tana tara bayanan ruwa da yanayi. Su kuma faɗa wa jama'a wanne ya fi tsada: lissafi, ko layin dogon Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa daga 2014 bai yi jigilar kaya ba? Ko madatsar Kandaji da aka aza tubalinta a 2008, aka soke kwangilar farko a 2013?

Gaskiya ɗaya ce: duhu na da masu cin moriyarsa. Kadarkon da ya karye sabuwar kwangila ce. Aikin da ya makara ƙofar ƙarin kuɗi ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Don haka kada ma'aikacin gwamnati ya sa hannu a kwangilar da ba a gwada ta cikin kwamfuta ba. A liƙa sakamakon gwajin a ofishin magajin gari, kowa ya karanta. 'Yan kasuwa kuwa, da harajinsu ake ginin, kayansu ne ke ruɓewa a bakin hanya. Haƙƙinsu ne su nemi ganin lissafin kafin damina ta nuna musu shi.