Kundin da Ya Ƙi Cika: A Sayar ko A Daure?

Akwai wata al'ada da ta daɗe da yin jijiya a ƙasashen Turai da Amurka, watau tara katunan 'yan wasa. Mutum zai sayi kundi mai gurabe, kowane gurbi da lambarsa, sa'an nan ya riƙa sayen katuna cikin fakiti rufaffe, bai san abin da ke ciki ba sai ya yage. Da farko abin gwanin daɗi, kusan kowane kati ya fito sabo ne. Amma rana tana zuwa da gurabe 'yan kaɗan za su rage, su kuma ƙi cika, ga tarin maimai ya cika akwati, ga aljihu ya fara kuka. A nan ne tambayar take tasowa: a sayar a huta, ko a daure a ƙarasa? Ni dai a ganina, duk wanda ba abin da ya riƙe shi sai baƙin cikin kuɗin da ya riga ya kashe, to, ya sayar tun yau. Ga dalilaina.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. Kamfanin Panini, wanda wasu 'yan'uwa suka kafa a birnin Modena na Italiya a 1961, ya fara fitar da kundin Gasar Kofin Duniya ne a 1970, lokacin da aka yi ta a Meksiko. Kundin gasar 2018, wanda 'yan wasan Nijeriya irin su Ahmed Musa suke ciki, yana da gurabe 682, kowane fakiti kuma katuna biyar ne. Da a ce mutum ba zai taɓa cin karo da maimai ba, fakiti 137 sun ishe shi, watau wajen fam 110 a farashin Ingila na wannan shekarar. To, amma wani shehun malamin lissafi a Jami'ar Kardif, Paul Harper, ya zauna ya auna, ya tarar cewa mai saye shi kaɗai yana bukatar fakiti kusan 967 kafin ya cika, kuɗinsu kuwa ya haura fam 770. Ninki bakwai ke nan.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne inda wahalar ta taru. Idan gurabe 19 kaɗai suka rage wa mutum cikin 682, zai ɗauka ya zo bakin gaɓa, alhali kuwa a lissafi rabin tafiya ya yi, domin yana bukatar ƙarin fakiti wajen 480. Kati na ƙarshe shi kaɗai yakan ci fakiti fiye da 130. Dalili a fili yake: duk lokacin da gurabe suka ragu, sa'ar samun sabon kati tana raguwa, kuɗin fakiti kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka wanda yake cewa "ai saura ƙiris" ido ne yake ruɗinsa. Da aka faɗaɗa gasar 2026 daga ƙasashe 32 zuwa 48 kuwa, sai hanyar ta ƙara nisa.

Sai dai wajibi ne mu rarrabe wahala iri biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce wadda muka ambata, wahalar lissafi, ita kuwa tana da magani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maimain da ya zame maka kaya, shi wani yake nema ruwa a jallo. Malamin nan ya nuna cewa idan mutum goma suka haɗu suna musaya, abin da kowannensu zai kashe yakan sauko ƙasa da fam 250. Mai irin wannan matsala ba sai ya sayar ba. Ya daina sayen fakiti rufaffe, ya nemi abokan musaya, ya sayi ragowar ɗaya-ɗaya a hannun masu su.

Ta biyu ita ce wahalar ƙaranci, wadda haƙuri ba ya maganinta. Tsakanin 1909 da 1911 wani kamfanin taba a Amurka ya riƙa sa katunan 'yan wasan besbol cikin kwalin sigari, jerin da masu tarawa suke kira T206, mai katuna 524. A cikinsu akwai na Honus Wagner, wanda aka dakatar da bugawa tun da wuri, har ya zama waɗanda aka san suna nan a duniya 'yan gomomi ne kawai. A 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25. To, ɗan'uwa mai karatu, malamin makaranta ko akawun da ya tara ɗari biyar daga wannan jeri, wace dauriya ce za ta kawo masa na Wagner? Irin wannan kundi tun ran gini ran zane, ba a yi shi don talaka ya cika ba.

Na san za a ce mini, "Bayan duk abin da na zuba, yanzu in bari?" Wannan magana ita ce ainihin tarkon. Gwamnatocin Ingila da Faransa sun faɗa cikinsa a kan jirgin Concorde: kuɗin ƙera shi ya ninka abin da aka ƙiyasta sau da yawa, amma aka ci gaba, har da hujjar cewa an riga an kashe da yawa. Guda 20 kaɗai aka ƙera, ya fara jigila a 1976, aka ajiye shi a 2003, har masana suka laƙaba wa irin wannan kuskuren tunani sunansa. Kuɗin jiya ya tafi, ko ka ci gaba ko ka tsaya. Abin tambaya kawai shi ne kuɗin gobe: shin wannan kati ya fi littafin karatu, ko kuɗin haya, ko abin da za a aika wa iyaye a gida? Kada garin neman gira a rasa ido.

Wasu kuma za su ce a riƙe, wata rana zai yi daraja, ba ga katin Mickey Mantle na 1952 da aka saya dala miliyan 12.6 a 2022 ba? Gaskiya ne, amma a tuna da waɗanda suka cika akwatuna da katunan ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 da irin wannan fata. Kamfanoni irin su Topps da Fleer da Donruss sun buga su jibgi, kowa kuma ya adana nasa, shi ya sa akasarinsu ba su da wata daraja a kasuwa. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Mai niyyar sayarwa kuma ya sani cewa masaya taurarin cikin tarin suke biya wa kuɗi. Gara ya ware su ya sayar daban, sa'an nan ya sallamar da sauran a dunƙule.

Ban ce tara kati aikin banza ba ne. Wanda yake buɗe kundinsa ya ji daɗi, ya tuna da ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Aisland a 2018, ko da gurabe goma a wofi, wannan ya riƙe abinsa. Da babu gara ba daɗi, giɓi kuwa ba ya hana dariya. Amma wanda in ya buɗe ba ya ganin ɗari shidan da ya samu sai goman da ya rasa, sha'awa ta riga ta koma masa bauta.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata ita ce, mutum ya tambayi kansa: da yau ne zan fara, da kuɗin a hannuna, zan sayi wannan tarin? In amsar i ce, ya yanka wa kansa iyakar kuɗi da ta lokaci, ya koma musaya. In kuwa a'a ce, ya sayar ba tare da jin kunya ba, domin janyewa daga cinikin da ba riba hankali ne, ba ragwanci ba. Wannan ma'auni kuwa zai yi mana amfani a wuraren da suka fi kati nauyi. Allah ya sa mu gane.