GARGAƊI YANA FITOWA, AMMA WA KE KAI SHI LUNGU?

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na FUT Minna, na Bosso da na Gidan Kwano. Don Allah ku ɗan ba ni minti uku.

Safiyar Alhamis 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya ci Mokwa. Sama da mutum 150 suka rasu, wasu har yau ba a ga gawarsu ba. Inda abin ya fi muni Tiffin Maza da Unguwar Hausawa ne, cikin mamatan har da almajirai masu yawa. Kafin nan, 18 ga Janairu, tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da 80 suka tafi. Duka a jiharmu, cikin shekara ɗaya.

Mun yi ta'aziyya, mun canja hoto, mun wuce. To sai me?

Duk shekara NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da ambaliya, kuma Neja tana yawan fitowa cikin jihohin da ake gargaɗi. Ba mamaki, madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru duk a kanmu suke. Matsalar ita ce yawanci gargaɗin nan da Turanci yake zuwa, a jarida da intanet. Wa yake karantawa? Mu masu data. Wa ruwa yake tararwa cikin barci? Almajirin da ke kwana a zaure, mai ga-ruwa da ya zo cin rani, tsohuwar da Nufanci ko Gwaranci kawai take ji, kurma wanda ko an yi shela a rediyo bai san an yi ba, makaho da gurgu da ba za su iya gudu ba.

Tsakanin takardar gwamnati da waɗannan bayin Allah akwai rami, kuma wallahi ban ga wanda ya fi mu dacewa ya cike shi ba. Muna jin Turanci, muna jin Hausa, a ajinmu akwai Banufe, akwai Bagwari, akwai Bafulatani. A makarantar nan tamu ma akwai cibiya sukutum ta nazarin bala'o'i da yadda ake rage ɓarnarsu. Ilimin yana cikin kamfos, masu buƙatarsa suna bayan katanga.

Ƙungiyoyinmu na jihohi fa? Kuɗin dina akwai, na ranar al'ada akwai, na fastar zaɓe kam ba a magana. Asabar ɗaya tak kafin damina ta gagare mu? Ga abin da nake gani za mu iya, ba sai da tallafin kowa ba:

1. Kowace ƙungiya ta ɗauki unguwa ɗaya: Kpakungu, Limawa, Maitumbi, Barkin Sale, ko nan Bosso. A fara gaida mai unguwa da liman da fasto, kada a shiga gida ta taga.

2. A zauna da su a rubuta gidajen da ke bakin magudana, da mutanen da ba za su iya fita da ƙafarsu ba. Kowane ɗaya a san maƙwabcin da zai ɗauko shi, a kuma san tudun da za a taru.

3. 'Yan uwa mata su shiga cikin gidaje. Akwai matan da saƙon da aka faɗa a masallaci ba ya isa gare su.

4. A je tsangayu a yi magana da alaramma cikin ladabi: ina yara suke kwana, ina za su nufa in ruwa ya zo da dare?

5. Gargaɗi ya fito, a mayar da shi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, Nufanci da Gwaranci, a watsa a WhatsApp. A koya wa mutane lambar gaggawa 112, da cewa tanka in ta faɗi gudu ake yi, ba ɗauko jarka ba.

Na san wani zai ce aikin NSEMA ne da NEMA. Gaskiya ne, kuma dole mu ci gaba da matsa musu. Amma kafin motarsu ta iso, wanda ke fasa ƙofa ya fito da yaro maƙwabci ne. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Mu ma kanmu ba mu tsira ba. Dubi ɗakunan haya na Gidan Kwano: tukunyar gas kusa da katifa, taga da ƙarfe, ƙofa ɗaya, kwalbati cike da ledar ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku saka wannan a ajandar taronku na gaba. Wanda ya shirya, ya rubuta sunan unguwar da zai ɗauka a ƙasa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu da iyayenmu. Amin.