Zaiba a Laka, Alama a Kukan Tsuntsu: Binciken da Fadamar Jere Ke Jira

Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024 ta kwashi sharar Maiduguri ta bi Kogin Ngadda da ita zuwa fadamar Jere, inda ake noman shinkafa da kamun kifi. Sharar birni kan haɗa da fasassun ƙwan fitila masu tsawo, da tsofaffin batura, da kwalaben man bilicin, kuma da yawansu na ɗauke da zaiba, wato sinadarin makuri.

Haɗarin zaiba yana ƙaruwa ne a cikin laka. A ƙasar da ruwa ke kwanciya ya janye, ƙwayoyin bakteriya na mayar da ita wani nau'i mai shiga jikin ƙwari da kifi ya zauna. A Kogin South da ke jihar Bajiniya ta Amurka, inda masana'antar DuPont ta zubar da zaiba tsakanin 1929 da 1950, Farfesa Daniel Cristol da ɗalibansa sun nuna a 2008 cewa ƙananan tsuntsaye masu rera kuka, waɗanda ba sa cin kifi, suna kwasar gubar ta hanyar cin gizo-gizo. Binciken da ya biyo baya ya gano kukansu ya rage salo, muryarsu ta yi ƙasa, ƙyanƙyasarsu ta ragu. Namijin da kukansa ya lalace yana iya shan wahalar samun mace.

Borno ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1990 masana sun riƙa kama tsuntsayen ƙaura a Malamfatori, gaɓar Tafkin Chadi, suna auna su suna sa musu zobe kafin su tsallaka Sahara. Rashin tsaro ya rufe wancan fagen, amma Jere na bakin ƙofar Jami'ar Maiduguri, kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana horar da ɗaliban digiri na biyu kan kama tsuntsu da ɗaukar samfuri. Gashin fiffike da ɗigon jini sun isa a auna zaiba ba tare da an kashe tsuntsun ba.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, sai dai hankalin hukumomi ya fi karkata ga masu haƙar zinare a Zamfara da Neja. Kifin Jere kuwa a kasuwannin Maiduguri ake sayar da shi, mata masu juna biyu na cikin masu ci.