SHARHI: Barin nama a gidan da ake ci a kwano ɗaya

A Abuja, ma'aikacin da ya daina cin nama da ƙwai da madara yakan yi hakan ne domin lafiyarsa. Amma idan ya je hutu gida Konduga, kwano ɗaya ake haɗuwa a kai, kuma ƙin karɓar naman layya daga hannun dattijo tamkar raini ne.

Sai dai tsadar rayuwa ta rage masa wannan taƙaddama. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a Yunin 2024, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Dole ta sa gidaje da dama komawa ga wake, awara da zogale. Ɓallewar Madatsar Alau a Satumban 2024 kuma ta cinye gonakin da ake dogaro da su.

Wanda ya bar nama da gangan na iya sayen ƙwayar bitamin B12, wanda wake da ganye ba sa samarwa. Yaran da talauci ya raba da nama ba su da wannan gata. Su ya kamata masu tsara manufofin abinci su fara dubawa.