Kimiyya A Yau: Sarkin Magina A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kallon magina suna aiki ya san ba a ɗora azara sai bango ya tashi, ba a kuwa ta da bango sai tubali ya bushe. Haka nan idan damina ta zubar da katanga ɗaya, ba mai rushe gida duka domin gyaranta. To, wannan ƙa'ida ce aka koya wa kwamfuta a cikin wata manhaja mai suna Make.

Masu rubuta manhaja suna rubuta ta ne da harshen da mutum zai iya karantawa, kamar harshen C. Ita kuwa kwamfuta ba ta jin wannan harshe, sai wata manhaja mai aikin tafinta ta juya rubutun zuwa harshen inji. Babbar manhaja takan ƙunshi fayil dubbai, wannan ya dogara ga wancan. Juya su da haɗa su bi da bi har su zama abu guda mai aiki, shi masana ke kira gini.

A 1976, a ɗakunan bincike na Bell Labs da ke Amurka, wani masani mai suna Steve Johnson ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara. Ashe gyaran ne ba a sake juyawa zuwa harshen inji ba. Ya kai kukansa ga abokin aikinsa Stuart Feldman, wanda shi ma irin wannan ta taɓa cin sa, shi kuwa ya zauna ya ƙago Make. Daga baya Richard Stallman da Roland McGrath suka rubuta GNU Make, wadda kowa ke da izinin ɗauka kyauta, ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Da ita ake gina zuciyar Linux har yau.

Yadda take aiki ba wuya. Akan rubuta wani fayil mai suna Makefile, a jera abu uku a cikinsa: abin da ake son ginawa, kayan da ya dogara gare su, da umurnin da za a bi. Sai Make ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. In ta ga kayan sun fi ginin sabunta, ta sake gina wannan sashe kaɗai. Sauran ta ƙyale su.

Mai Ubuntu ko Debian da ke son girka ta, sai ya rubuta sudo apt install build-essential, wanda zai kawo Make tare da tafintan harshen C. In ya rubuta make --version ya ga lamba ta fito, to ta zauna. Yawancin manhajojin GNU da taki uku ake gina su: ./configure ya binciki abin da ke cikin injin, make ya yi ginin, sa'an nan make install ya kai kowane fayil mazauninsa.

Akwai wani tarko da ke kama sabon shiga. Dole ne kowane layin umurni a cikin Makefile ya fara da maɓallin Tab. Wanda ya sa tazara ta yau da kullum, aiki ya tsaya, alhali a ido duk ɗaya suke. Feldman da kansa ya ba da labarin cewa makonni kaɗan da fara aikin ya riga ya sami masu amfani da ita wajen goma sha biyu, bai so ya ɓata musu nasu ba, sai ya bar abin haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma babban abin lura shi ne amana. Wanda ya rubuta make ya ba injinsa izini ke nan ya bi umurnin wani mutum da bai taɓa gani ba. A ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da duniya cewa an haƙa ɓarauniyar hanya a cikin xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Abin da ya ja hankalinsa jinkiri ne na wajen rabin daƙiƙa wurin shiga inji daga nesa. Wanda ya yi aika-aikar, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe wajen shekara biyu yana taimako har aka yarda da shi, sa'an nan ya ɓoye mabuɗin sharrin a cikin rubutun gini na xz 5.6.0 da 5.6.1, wurin da mutane ƙalilan ke leƙawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya sa a Debian da Fedora abin bai wuce na gwaji ba kafin a gano shi.

Saboda haka mai karatu ya riƙe abu uku. Ya ɗauko manhaja daga tushen da aka sani. Ya rubuta make -n, wanda ke nuna umurnin da za a bi ba tare da an aikata ba, ya karanta a natse. Kada kuma ya ba da ikon sudo sai a takin ƙarshe na girkawa. Ɗalibin da ya saba karanta Makefile tun yana koyo, shi ne gobe zai iya hango tsagar bango kafin wani ya shiga.